Me ya sa teburinka ya tsage a Janairu, ƙofarku ta gida kuma ta ƙi rufuwa a Agusta?

Tun da muka saki bidiyon teburan aiki masu hawa da sauka, na zaci tambayoyinku za su fi yawa a kan injin ɗagawa da maɓallansa. Ashe katakon sama ne ya fi damun mutane. Wani a Amurka ya ce ya sayi katako mai tsada a watan Yuli ya ɗaure shi a kan ƙafafun ƙarfe, Janairu na yi sai ga tsaga tun daga baki har kusan tsakiya. Wata a Jidda ta ce durowar teburinta sai ta sa ƙarfi take buɗuwa. Wani kuma yana nan Turai yana tura kuɗi ana masa gini a gida, an yi masa ƙofofi da damina, kafin watan Maris haske na shigowa ta tsakanin falankan.

Duk ukun ciwo ɗaya ne. Karatun digirina na biyu a nan Ingila a kan kayan gini nake yinsa, kankare da ƙarfe da katako, kuma cikin ukun nan katako ne ya fi motsi saboda yadda yake ci gaba da shan ruwa yana fitarwa har ƙarshen rayuwarsa. Ko ya shekara 100 da sarewa, ko an shafe shi da fenti, yana nan yana kumbura yana tsukewa. Wanda ya gane yadda abin yake zai tsira da kuɗinsa. To bari mu bi shi daki-daki, daga ƙarshe mu zo kan na'urorin aunawa, mu ga wacce ta cancanci saye.

Ruwa iri biyu ne a cikin katako

Ka ɗauki katako kamar damin kara da aka ɗaure tamau, sai dai kowane kara a nan siriri ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa, kuma cikinsa rami ne. Ta waɗannan bututun bishiya take jan ruwa daga saiwa zuwa ganye. Idan aka sare ta, ruwa yana wurare biyu. Akwai wanda ke kwance a cikin ramin bututun, kamar ruwa a cikin tiyo. Akwai kuma wanda ya shige cikin bangon bututun kansa ya maƙale a jikin zaren selulos.

Idan katako ya fara bushewa, ruwan cikin rami ne ke fara fita. A wannan lokacin nauyi kawai yake ragewa, girmansa na nan yadda yake. Sai ruwan ramin ya ƙare, ruwan cikin bango ya fara fita, sannan zaren ke matsowa kusa da juna, bangon ya sirance, katakon gaba ɗaya ya tsuke. Wannan gaɓar, inda rami ya bushe amma bango na cike, wani masanin gandun daji ɗan Amurka mai suna Harry Tiemann ne ya fayyace ta a 1906. A yawancin itatuwa tana wajen kashi 28 zuwa 30 cikin 100 na danshi. Daga nan zuwa ƙasa duk wani motsin katako yake faruwa.

Yadda ake lissafin danshin ma yana da ɗan rikitarwa, don da nauyin busasshen katako ake gwadawa. A auna guntu, a saka shi a murhun gwaji mai zafin digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa, a sake aunawa. Idan da farko giram 1,300 ne ya dawo giram 1,000, ruwan da ya fita giram 300 ne, danshinsa kashi 30 kenan. Shi ya sa za ka ji an ce ɗanyen itace yana da danshi kashi 120, kada ka ce ƙarya ce. Ruwan da ke ciki ne ya fi itacen nauyi.

Iskar ɗakinka ce ke yanke hukunci

Katako ba shi da wani danshi nasa na dindindin. Duk inda ka ajiye shi, zai yi ta ba iska ruwa ko ya karɓa daga gare ta har su daidaita. Idan zafin ɗaki yana wajen digiri 20 zuwa 21, ga inda katako yake tsayawa:

- danshin iska kashi 20: katako wajen kashi 4.5
- danshin iska kashi 30: katako wajen kashi 6
- danshin iska kashi 50: katako wajen kashi 9
- danshin iska kashi 65: katako wajen kashi 12
- danshin iska kashi 80: katako wajen kashi 16
- danshin iska kashi 90: katako wajen kashi 20

Ka riƙe wannan jerin, don shi ne rabin labarin.

Yanzu wani zai ce, ai Ingila kullum cikin ruwa take, ina bushewa ta fito? Daga hita ta fito. Iska mai sanyi ba ta iya ɗaukar tururin ruwa da yawa. A digiri 0, iska mai faɗin mita ɗaya ta kowane ɓangare ba ta ɗaukar fiye da giram 4.8 na ruwa. A digiri 21 kuwa tana iya ɗaukar wajen giram 18. To ka ga, iskar waje a Janairu ko da danshinta ya kai kashi 90, giram 4 da ɗoriya kawai take ɗauke da shi. Ta shigo ɗaki, hita ta ɗumama ta zuwa digiri 21, ruwan cikinta bai ƙaru ba amma cikinta ya buɗe. Danshinta ya faɗo wajen kashi 24. Girki da wanka da numfashinmu suna ɗan ɗaga shi, shi ya sa a ɗakina nakan ga talatin da wani abu a tsakiyar sanyi. Mutanen Chicago da Minnesota da Toronto, inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili sosai, nasu ya fi haka bushewa. Da rani kuma a kashe hita, a buɗe taga, danshi ya koma 60 ko fiye.

Mu da muka taso a Kano ko Zinder ko Njamena mun san wannan tun kafin mu ga hita. Da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓe ya tsage, kaushi ya fito. A watan Agusta ya haura 70, gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Abin da leɓenka ke ji, shi katakon ƙofarku ke ji, sai dai shi a hankali yake amsawa, cikin makonni. Su kuma 'yan'uwanmu na Kumasi, Accra da Douala, iskarsu kusan duk shekara a jiƙe take, katakonsu na zaune ne a sama-saman jerin nan. A Saudiyya ma ba ɗaya ba ne: Jidda na bakin teku da danshi, Riyad da Madina a bushe. Haka Khartum da Port Sudan.

Faɗi na motsi, tsawo na nan

Nan ne daɗin abin yake. Katako ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. Idan ka bushe ɗanye har ƙarshe, ta tsawonsa, wato yadda bishiyar ta miƙe sama, abin da zai rage bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 ba. Daga zuciyar gungumen zuwa ɓawo yakan rage wajen kashi 4. Ta kewaye kuwa, wato bin da'irar gungumen, yakan rage wajen kashi 8. Kusan ninki biyu kenan.

Dalilin da ya sa tsawo ba ya motsi shi ne zaren selulos ɗin kusan a miƙe suke kwance tare da tsawon bututun. Ruwa na shiga tsakaninsu ne ya tura su gefe da gefe, ba ya ƙara musu tsawo. Bambancin da ke tsakanin sauran ɓangarorin biyu kuma, daga cikin dalilansa akwai wasu siraran jijiyoyi da ke fitowa daga zuciyar bishiya zuwa ɓawo kamar wayoyin ƙafar keke. Su ne ke riƙe katakon ta wannan ɓangaren.

Cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da ke Madison a jihar Wisconsin, wadda aka kafa a 1910, ta auna itatuwa da yawa. Ga kaɗan, lamba ta farko daga zuciya zuwa ɓawo, ta biyu ta kewaye:

- jan oak na Amurka: kashi 4.0 da 8.6
- beech na Amurka: kashi 5.5 da 11.9
- tik: kashi 2.5 da 5.8
- mahogani na Afirka, dangin maɗacinmu: kashi 2.5 da 4.5
- iroko, wanda a Ghana ake kira odum: kashi 2.8 da 3.8
- obeche, wawa a Ghana, ayous a Kamaru: kashi 3.0 da 5.4

Ka ga itatuwanmu na Afirka ta Yamma ba baya ba ne. Iroko musamman, lambobinsa ƙanana ne kuma kusa da juna, shi ya sa yake da natsuwa, kafintocin Turai ma suna nemansa don ƙofofi da tagogi.

Wannan ninki biyun shi ke bayanin abubuwa da yawa da muka saba gani. Turmi, misali. Daga gungume guda ake sassaƙa shi, zuciyar na tsakiya. Yana bushewa, kewayensa na son ya ragu da kashi 8 amma kaurinsa daga tsakiya kashi 4 kawai yake ba da wuri. Da'irar ba ta da inda za ta, sai ta yage, tsagar ta taso daga baki ta nufi tsakiya. Duk gungumen da aka bar zuciyarsa a ciki yana cikin wannan haɗarin, shi ya sa kafintan da ya san aiki yake guje wa falankin da zuciyar ta ratsa.

Haka banƙarewar falanki. Yawancin falankan kasuwa an yanka su ne a kwance, zarto na bin gungumen layi-layi, don haka ya fi sauri kuma ba a asara. A irin wannan falankin, fuskar da ke kusa da ɓawo ta fi wadda ke kusa da zuciya tsukewa, sai ya lanƙwashe kamar kwano, gefunan su ɗago ta wajen ɓawo. Idan ka duba bakin falanki ka ga layukan shekaru sun yi baka-baka, wannan ne. Idan ka ga layukan a tsaye suke daga fuska zuwa fuska, an yanka shi ta tsakiya kenan, motsinsa wajen rabi ne kuma ba ya yin kwano. Ya fi tsada, amma da dalili.

Bakin katako kuma, inda bututun suke a buɗe, yana fitar da ruwa sau 10 zuwa 15 fiye da gefe. Baki ya bushe ya tsuke, ciki na nan a jiƙe bai motsa ba, sai bakin ya dare. Shi ya sa tsaga kusan kullum daga baki take farawa.

Mu dawo kan teburin kwamfuta

Bari mu yi lissafin ɗan'uwanmu na Amurka. A ce katakon jan oak ne, faɗi santimita 80, tsawo 160, yankan kwance. Irin wannan yana motsa wajen kashi 0.37 na faɗinsa a kan kowane maki ɗaya na danshi. Da rani danshinsa 12, a tsakiyar sanyi ya sauko 6. Maki shida kenan. Idan ka buga, faɗin zai ragu da wajen milimita 18, kusan santimita 2. Tsawon kuwa ko milimita 1 ba zai rage ba. Da iroko ne, wajen rabin haka za a gani.

To ga matsalar. Ƙafafun teburin ƙarfe ne, kuma ƙarfe bai san danshi ba. Idan ka ɗaure katakon da sukuru a gaba da baya, ka matse su iya ƙarfinka a cikin ramuka masu daidai kaurinsu, katakon na son ya tsuke, sukuru sun ce ba inda za ka. Ɗaya dai zai faru: ko sukurun su yi laushi a raminsu, ko katakon ya banƙare, ko ya tsage a inda ya fi rauni. Ba lallai katakon ne marar kyau ba. Ɗaurin ne bai ba shi hanya ba.

Abin yi ba shi da wuya. Ramukan ƙarfen da ke gaba da baya su zama masu ɗan tsawo ta ɓangaren faɗin teburin, ko a faɗaɗa su, a sa wasa a ƙarƙashin kan sukurun, a ɗaure daidai misali yadda zai iya zamewa. Yawancin ƙafafun kirki suna zuwa da zobban roba a ramukan, kada ka cire su. Na tsakiya kaɗai za ka matse sosai.

Na biyu, shafi. Mutane da yawa suna sayen katakon kantar kicin su mai da shi tebur, su shafa mai a sama su bar ƙasa tsirara. Fuskar da ba a shafa ba tana musanyar danshi da sauri fiye da wadda aka shafa, bambancin nan kuwa shi ke lanƙwasa tebur. A shafa sama, ƙasa, gefe, musamman baki, adadi ɗaya. Kuma ku sani, ba wani fenti ko folish da ke hana danshi shiga gaba ɗaya. Jinkirta shi kawai suke yi. Mai shi ne mafi rauni a wannan aikin, fenti mai kauri ya fi shi.

Na uku, wuri. Kada tebur ya jingina da hita, kada iskar zafin kwamfuta ta riƙa bugun wuri ɗaya a ƙarƙashinsa. Idan sabon katako ya iso, cire ledar ka bar shi a ɗakin da zai zauna mako ɗaya ko biyu, a kwance a kan 'yan sanduna yadda iska za ta zagaya shi, kafin ka huda.

Su kuma tebura masu araha da ake yi da MDF ko dusar katako da aka matse da gam, labarinsu daban ne. Ba su da ɓangaren faɗi da na tsawo, don haka ba sa tsagewa da sanyi. Amma ranar da ruwa ya shiga ta baki, ko shayi ya zube ya bi ta ramin waya, za su kumbura ta kauri kuma ba sa komawa. Matsewar da aka yi musu a masana'anta ce ta saki. Filawud ya fi su duka natsuwa, saboda kowane falle an gicciya shi a kan na ƙasansa, tsawon wannan na riƙe faɗin wancan.

Kayan da ke tsallaka teku, da ginin da ake mana a gida

Wannan ɓangaren ya fi taɓa aljihu. Gado ko kujerar da aka haɗa a Legas, Tema ko Douala, danshinta zai iya kai 15 ko fiye, kuma a can daidai ne. Ta shiga kontena ta sauka a gida mai hita. A Ingila, katakon cikin gida mai ɗumi ana so ya kasance tsakanin kashi 9 zuwa 13. A yawancin Amurka 6 zuwa 8 ake nema. Lokacin sanyi na farko za ka ji haɗe-haɗen sun fara girgiɗi, gam ya saki, allon gado ya dare. Idan aka juya ma haka ne: katakon daɓe da aka busar don Turai, a kai shi Accra a shimfiɗa ba tare da barin sarari a jikin bango ba, zai kumbura ya tashi kamar kunya a gona.

Masu gini a Arewa, ku kula da wannan sosai. Yawancin katakon da ake aiki da shi daga dazukan kudu ake kawo shi, kuma sau da yawa bai gama bushewa ba ake sayarwa. Kafinta ya saye shi yau, gobe ya fara yanka, saboda kai kana waya daga waje kana cewa a yi sauri. Ƙofar da aka haɗa da danshi 20 za ta sauko ƙasa da 8 kafin ƙarshen hunturu. Ba aljani, ba sammu. Idan da hali, a sayi katako watanni kafin a buƙace shi, a jera shi a inuwa sama da ƙasa, a sa sanduna tsakanin kowane layi, a shafa tsohon fenti a bakunan, a ɗora nauyi a sama. Kada a baza shi a rana don ya yi sauri, fatar ce za ta bushe ta tsattsage ciki na jiƙe. Kuma a nemi ƙofa mai firam da allo a tsakiya, wadda allon ke zaune cikin kwarmi ba gam ba ƙusa. Dabarar ta daɗe, an yi ta ne don allon ya samu wurin motsi.

Idan ƙofa ta cije da damina, kada a yi saurin kankare ta da yawa. Abin da ka cire a Agusta za ka neme shi a Fabrairu.

Akwai wani abu da manoma suka sani. Idan ƙotar gatari ko fartanya ta yi sako-sako, a jiƙa ta a ruwa ta kama. Tana kamawa kam, amma na ɗan lokaci. Itacen ya kumbura ya matsu da ƙarfen, ba wurin zuwa, sai bututun da ke wurin su murƙushe. In ya bushe sai ya koma ƙasa da yadda yake da farko, ya fi da sako-sako. Irin wannan ne ke faruwa da ƙafar kujera da ramin sukuru bayan shekaru na kumbura da tsukewa.

Kada ka ɗauka mu kaɗai abin ya dama. Hoton Mona Lisa da ke gidan tarihin Louvre a Faransa a kan allon katakon poplar aka zana shi, allon ya ɗan banƙare kuma yana da tsaga daga sama, shi ya sa yake cikin akwatin gilashi da ake sarrafa danshinsa. Jirgin ruwan Vasa na Suwidin ya nutse a 1628, aka ciro shi a 1961, sai da aka shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kakin zuma don ya maye gurbin ruwan, in ba haka ba da ya bushe zai tsuke ya farfashe. Mu ma muna da kwale-kwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe a 1987, mai shekara wajen 8,000, wanda jiƙaƙƙiyar ƙasa marar iska ta adana.

To wace na'ura za a saya?

Iri uku ne a gabanmu.

Ta farko, mai allura biyu. Kana soka alluran a katako, ta tura ɗan lantarki tsakaninsu. Ruwa na wuce da lantarki, busasshen katako na tare shi, daga nan take fitar da lamba. A nan Ingila ta cika kasuwa da araha, wajen fam 20 ko ƙasa, musamman tun da aka kafa dokar 2021 cewa itacen hura wuta da ake sayarwa kaɗan-kaɗan kada danshinsa ya wuce kashi 20. Aikinta mai kyau yana tsakanin kashi 7 zuwa wajen 30. Ƙasa da haka ba ta gani, don haka a Kano cikin Fabrairu tana iya ƙin nuna komai, ba lalacewa ta yi ba. Tana barin 'yan huji biyu, kuma iya inda allurar ta kai take aunawa. In kana sayen falanki, kada ka auna a baki, nan ne ya fi bushewa. Ka auna a tsakiya, in mai kaya ya yarda a yanka guntu a auna cikin sabon yankan. Gishiri da maganin gara da aka jiƙa katako da shi suna sa ta nuna lamba sama da gaskiya.

Ta biyu, marar allura. Ɗora ta kawai ake yi, tana leƙa ciki wajen santimita 2 ba tare da huji ba. Ta dace da kayan da aka riga aka gama. Amma dole ka gaya mata nauyin irin itacen, don iroko da obeche ba ɗaya ba ne, kuma idan akwai ƙarfe a ƙasa, kamar ƙafar tebur ko ƙusa, za ta ruɗe. Tana son fuska mai santsi, kuma ta fi tsada.

Ta uku ba katako take aunawa ba, iskar ɗaki take aunawa. 'Yar ƙarama ce mai batir, wasu ma suna tura bayani zuwa waya ka ga yadda danshi ke hawa da sauka cikin wata. Kana iya gwada gaskiyarta a gida: zuba gishirin girki a murfin kwalba, ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, saka su tare a roba mai murfi ka rufe ruf, ka bar su kwana ɗaya. Ya kamata ta nuna wajen kashi 75. In ta nuna 70, ka san kullum za ka ƙara mata 5.

Ra'ayina: idan tebur ɗaya ne da kai da 'yan kayan ɗaki, ta ukun kawai ka saya. Da ita da jerin da na bayar a sama ka san halin da katakonka yake ciki. Idan kana gini a gida, sayi mai allura ka aika wa wanda ke tsaya maka a kan aikin, ya riƙa ɗauko maka hoton lambar kafin a biya kuɗin katako. Kuɗinta bai kai na ƙofa ɗaya ba. Marar allura ta kafintoci ce da masu sayen kayan katako da yawa.

Game da injin ƙara danshi a ɗaki, a yi hattara. Kashi 40 zuwa 50 ya isa, kuma yana rage tartsatsin nan da ke kama hannu in ka taɓa ƙarfe, wanda ba ya yi wa kayan cikin kwamfuta daɗi. Amma gidajen Ingila da yawa matsalarsu ma yawan danshi ce, in ka ƙara sai tagogi su yi gumi, baƙin fumfuna ya fito a bango, wannan kuwa cuta ce ga huhu, musamman yara. Auna tukuna kafin ka saya. Kuma irin mai fesa hazo mai sanyi, idan ka zuba masa ruwan famfo mai yawan alli, farar ƙura zai baza maka har cikin fankar kwamfuta.

A bidiyo mai zuwa in sha Allahu za mu ɗora na'urorin nan a kan guntayen oak, iroko da MDF, mu gwada lambobinsu da na sikeli, ku gani da idonku. Kafin nan, duk wanda yake da ma'aunin danshi ya rubuto mana garin da yake da lambar da ɗakinsa ke nunawa a wannan makon. Ina so in ga ta Kumasi kusa da ta Riyad. Sai mun haɗu.